"Ban Gan Shi Ba": Haƙƙin Wanda Babbar Mota Ta Taka a Makahon Lungu



Shirin faɗakarwa na yau ya shafi wata magana da ake yawan ji a bakin direbobin manyan motoci a duk lokacin da tirela ko tanka ko tifa ta taka ɗan acaba, ko ta matse A Daidaita Sahu a kan kwana, wato "wallahi ban gan shi ba", da kuma matsayin wannan magana a gaban shari'a idan wanda aka ji wa rauni, ko magadan wanda ya rasu, suka tashi neman haƙƙinsu. Sau da yawa direban gaskiya yake faɗa, domin akwai wurare a kewayen babbar mota waɗanda idon mai tuƙi ba ya kaiwa kuma madubi ba ya nunawa. Sai dai rashin gani bai isa ya wanke direba ba, hasali ma daga nan ne tambayar alƙali take farawa, domin abin da kotu take son ta sani shi ne ko direban ya yi duk abin da ya kamata ya yi don ya gani.

Waɗannan wurare su ne shirin nan zai riƙa kira makahon lungu. Direban tirela yana zaune a sama ne, nesa da ƙasa, saboda haka abin da ke dab da hancin motar yakan ɓace masa a ƙarƙashin gilashin gaba, kamar yadda abin da ke bayan bodi yake ɓace masa ɗungurungum, tunda kaya ko tanki sun tare bayan kuma madubin tsakiya irin na ƙananan motoci ba shi da amfani a wurinsa. Hukumar da ke kula da lafiyar sufurin manyan motoci a Amurka tana gargaɗin masu ƙananan motoci da su guji kusan mita 6 a gaban tirela da kusan mita 9 a bayanta, da layi ɗaya a gefen direba, da layi biyu a ɗaya gefen. Wannan gefe na ƙarshe shi ne mafi haɗari. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, sitiyari ya koma hagu, don haka gefen dama, inda yaron mota yake zama, shi ne ya fi nisa da idon direba, kuma a nan ne 'yan acaba da masu keke da masu tura baro da masu talla suka fi bi, domin shi ne gefen da ke kusa da bakin titi.

Yana da kyau mai sauraro ya hango yadda abin yake faruwa a mahaɗar hanya. Tirela ta tsaya a danja tana shirin karya kwana zuwa dama, kuma saboda tsawonta dole direban ya fara fitar da kan motar zuwa hagu kafin ya murɗo, in ba haka ba tayoyin baya za su hau kwalbati. Wannan fita hagu takan buɗe wani fili tsakanin bodi da bakin titi, ɗan acaban da ya taho daga baya ya ga hanya ta samu, ya kutsa ya tsaya daidai ƙarƙashin ƙofar dama, inda madubi yake kallon samansa. Da danja ta saki, kan motar ya murɗo dama, tayoyin baya kuwa ba sa bin sawun na gaba, yankowa suke yi ta ciki, sai filin da ya buɗe ya rufe kamar bakin almakashi. Direban yakan ji ihun mutane ne kafin ya san ya taka wani abu, wani lokaci ma sai ya yi tafiyar mita da yawa ana buga masa bodi.

Abin da ya ba wannan bayani nauyi a shari'a shi ne cewa makahon lungu sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin babbar mota, kuma haɗarin da aka san da shi tun kafin ya faru, doka tana ɗora wa wanda ya san shi nauyin kiyaye shi. Ƙasashen Turai sun daɗe da mayar da wannan fahimta doka. Tarayyar Turai ta wajabta ƙarin madubai a kan sababbin manyan motoci da dokar 2003, sannan a 2007 ta umarci a sanya su ga tsofaffin da ke kan hanya. Birnin Landan ya ƙara gaba, inda tun watan Maris na 2021 ake tilasta wa motocin da nauyinsu ya wuce tan 12 mallakar izinin shiga gari bisa ma'aunin taurari daga sifili zuwa biyar, gwargwadon yadda direba yake iya ganin gefensa da idonsa kai tsaye ba ta madubi ba. Da yawa daga cikin tirelolin da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Kano tsofaffin motocin Turai ne da suka iso da waɗannan madubai a jikinsu, kuma abin takaici ne yadda ake ganin wasunsu madubin ya fashe an ɗaure ragowarsa da roba, ko an cire shi an maye gurbinsa da na ƙaramar mota.

Ƙarar neman diyya a kan irin wannan haɗari tana tsayuwa ne a kan abin da dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila take kira sakaci, kuma ma'anarsa a kotu ta fi ta kasuwa ƙunci. Mai ƙara zai tabbatar da cewa akwai nauyin kulawa a wuyan wanda yake ƙara, cewa wanda ake ƙarar ya gaza sauke nauyin, kuma gazawar ce ta jawo raunin ko asarar. Asalin wannan ƙa'ida wata shari'a ce ta Birtaniya a 1932, tsakanin Donoghue da Stevenson, wadda ba ta da alaƙa da mota ko kaɗan, domin a kan ruɓaɓɓen dodon koɗi aka yi ta, wanda wata mata ta ce ta tarar a cikin kwalbar lemo. A nan ne aka kafa cewa mutum yana da alhakin kiyaye duk wanda hankali zai nuna masa cewa aikinsa zai iya cutarwa. Sharaɗi na farko ba ya wahalar tabbatarwa a haɗarin mota, tunda kowane direba yana ɗauke da nauyin sauran masu amfani da hanya. Gardamar takan tsaya ne a kan na biyu.

Ma'aunin da kotu take amfani da shi a nan shi ne direba mai hankali kuma ƙwararre, wato me irin wannan direba zai yi a daidai wannan wuri da wannan lokaci. Lauyan mai ƙara zai tambayi ko an kunna sigina da wuri ko sai da aka fara murɗa sitiyari, ko madubin dama yana nan kuma an daidaita shi, ko direban ya sake dubawa bayan tsayuwar danja kafin ya saki birki, ko ya shiga kwanar da gudun da zai ba shi damar tsayawa. Idan baya-baya motar take yi a kasuwa ko a tasha, tambayar takan koma kan yaron mota, domin al'adar sana'ar kanta ta tanadi cewa yaron ya sauka ya duba baya yana buga bodi yana cewa "taho, taho" ko "tsaya", kuma direban da ya ja da baya cikin jama'a yaronsa na barci a kan kaya zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa ya yi abin da ya dace. Gajiya ma tana shiga lissafi, domin wanda ya kwana yana tuƙi daga Fatakwal ba ya duba madubi kamar wanda ya huta.

Ɓangaren mai mota ba ya zuwa kotu hannu rabbana. Hujjar da ya fi dogara da ita ita ce wanda aka taka ɗin shi ma ya taimaka wajen jawo wa kansa abin da ya same shi, misali ta hanyar wuce babbar mota ta hannun dama, ko tsayawa dab da hancinta, ko tafiya da daddare ba fitila. A tsohuwar dokar Ingila irin wannan laifi, komai ƙanƙantarsa, yana rushe ƙarar gaba ɗaya, har sai da aka gyara a 1945, Nijeriya kuma ta bi sawu da nata dokokin. Yanzu raba laifin ake yi. Idan kotu ta ƙiyasta asarar mutum a kan naira miliyan 10, ta kuma ga cewa kashi 30 cikin ɗari na laifin nasa ne, za ta ba shi miliyan 7. Wannan batu ya cancanci a nanata shi, domin mutane da dama sukan haƙura da haƙƙinsu ne kawai saboda wani a wurin haɗarin ya ce musu ai yaronku ne ya shiga ta dama, alhali shiga ta dama rage diyya take yi gwargwadon nauyinta, kuma alƙali ne yake auna wannan nauyi, ba 'yan kallo ba.

Sai batun wanda za a yi ƙara. Direban tirela a mafi yawan lokuta ma'aikaci ne mai ɗan albashi da kuɗin hanya, wanda ko an same shi da laifi ba shi da abin biya. Doka ta san da haka, shi ya sa ta tanadi cewa ubangida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi, ko da ubangidan yana gida a kwance lokacin da abin ya faru, kuma ko da ya sha gargaɗin direban a kan ganganci. Banda wannan, mai motar yana iya ɗaukar laifi na ƙashin kansa idan ya saki mota ba madubi ko ba birki mai kyau, ko ya damƙa ta ga wanda ba shi da lasisin da ya dace da ajinta. Wahalar ita ce gano ko wane ne mai motar, domin a harkar sufuri ba abin mamaki ba ne kan motar ya zama na mutum ɗaya, bodin na wani, kayan na kamfani na uku wanda sunansa ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin tankin, kuma kowanne da lambarsa. Wanda ya ɗauki lambar baya kaɗai yana iya tarar da cewa ya kama bodi ne, wanda ya ɗauki direban aiki kuwa yana can ba a san shi ba.

Bayan mai mota akwai kamfanin inshora. Tun dokar inshorar motoci ta 1945 aka wajabta wa kowace mota da ke hawa titi a Nijeriya inshorar da ke kare mutum na uku, wato duk wanda ba mai motar ba kuma ba kamfanin inshorar ba, kuma sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta ci gaba da wannan wajibci. A tsarin da hukumar kula da harkar inshora ta NAICOM ta fara aiki da shi ranar 1 ga Janairu 2023, babbar motar ɗaukar kaya tana biyan naira 100,000 a shekara, kamfanin kuma yana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 5, yayin da motar gida take biyan 15,000 a kan miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, kamar babur ko shago ko katangar da aka rushe, rauni da rasa rai kuwa lissafinsu daban ne. Matsalar da ta daɗe tana cin wannan tsari ita ce takardar bogi, wadda ake saya don a nuna a shingen bincike kawai, shi ya sa kamfanonin inshora suka kafa rumbun bayanai na NIID inda ake duba lambar mota a ga ko inshorarta ta gaske ce. Ya kamata a sanar da kamfanin a rubuce tun da wuri, kafin a shigar da ƙara, domin dokokin inshora sun daɗe suna ba kamfani damar ƙin biyan hukuncin da aka yanke a shari'ar da ba a sanar da shi ba a kan lokaci.

Mutane sukan haɗa shari'ar 'yan sanda da ƙarar diyya su ɗauke su abu ɗaya. Ta farko tsakanin hukuma ce da direba, a kan tuƙin ganganci ko jawo mutuwa, kuma sakamakonta tara ce ko ɗauri, ko da yake kotu tana da ikon haɗawa da umarnin biyan wani abu ga wanda aka cuta. Ta biyu ta wanda aka cuta ce shi da kansa, shi zai shigar da ita, kuma hujjar da ake nema a cikinta ta fi sauƙi, domin rinjayen zato ya isa, saɓanin shari'ar laifi da ke buƙatar kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Saboda haka sakin direba a beli, ko ma sallamarsa, bai rufe ƙofar diyya ba.

Inda aka fi yin asarar haƙƙi shi ne a sa'o'in farko. Ceton rai shi ne gaba da komai, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Amma idan akwai wanda hannunsa bai shiga ɗaukar majinyaci ba, wayar da ke aljihunsa tana iya yin aikin da lauya ba zai iya yi ba bayan wata shida. Hoton motar a inda ta tsaya kafin a matsar da ita, da yadda tayoyin gaba suka karkata, da wurin da babur ya kwanta, da sawun birki, da fentin da ya gogu a jikin bodi, su ne suke nuna ko tirelar ce ta yanko ko babur ɗin ne ya kutsa. Hoton madubin dama shi kaɗai yana iya yanke gardamar shari'a, kuma shi ne abin da ya fi saurin canzawa, domin madubin da yake a fashe ranar Talata yana iya wayar gari sabo fil ranar Laraba. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da 'yan sandan sashen zirga-zirga sukan zana taswirar wurin, jami'an VIO kuma su duba lafiyar motar su rubuta rahoto, kuma dangin majinyaci suna da dalilin matsawa a yi wannan duba kafin a saki motar. Hotuna da bidiyon waya karɓaɓɓu ne a kotu a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, da sharaɗin a yi bayanin na'urar da ta ɗauke su, don haka a adana wayar da asalin hoton, kada a dogara da wanda ya zagaya a WhatsApp. Shaidu kuwa, mai shayi da mai faci da ke bakin mahaɗar sun fi matafiyi amfani, domin gobe ma a nan za a same su. A nan dole a faɗi wata magana mai ɗaci: taron da ya fusata ya cinna wa tirela wuta ya ƙona madubin da birkin da takardun da za su tabbatar da haƙƙin wanda ake cewa ana yi domin shi, ya kuma ba direban hujjar gudu.

Diyyar da kotu take bayarwa kashi biyu ce. Akwai asarar da ake iya ƙirgawa, kamar kuɗin asibiti da magani da gyaran babur da kuɗin shigar da aka rasa lokacin jinya, kuma wannan sai an zayyana ta ɗaya bayan ɗaya an kawo hujjarta, abin da ya sa rasit ɗin kemis da ake yarwa a ƙofar asibiti yake da daraja. Wanda ya kai karayarsa wurin mai ɗori yakan sha wahala a nan, saboda ba rasit ba rahoton likita. Akwai kuma wadda alƙali yake ƙiyastawa, ta raɗaɗi da nakasa da rasa abin da mutum yake iya yi a da, kamar ɗan acaban da aka yanke wa ƙafa yana da shekara 25.

Idan rai ya salwanta, haƙƙin ƙara yana komawa ga iyalin mamaci a ƙarƙashin dokar haɗurran da suka jawo mutuwa, wadda asalinta dokar Ingila ce ta 1846, kuma dokar da tsohuwar Jihar Arewa ta yi a kan wannan batu ta yi la'akari da cewa idan mamacin Musulmi ne, waɗanda suke da rabo a diyyar kisan kuskure su ne iyalinsa a idon doka. Shari'ar Musulunci ba ta ɗauki kuskure a matsayin abin da ke kawar da haƙƙi ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure, malaman Malikiyya sun ƙayyade diyyar da raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, kuma tun kafin a ƙera mota littattafan fiƙihu irin su Risala sun ɗora wa mahayi da mai jan dabba da mai kora ta lamunin abin da ta taka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta shimfiɗa wannan hukunci a kan haɗurran mota, tare da raba alhaki idan laifin na ɓangarori biyu ne. Cewa abin ƙaddara ce gaskiya ne ga mai imani, amma shari'ar da ta koyar da imani da ƙaddara ita ce ta wajabta diyyar. Yafewa haƙƙin magada ne, sai dai kowa rabonsa yake yafewa, kuma malamai ba su ba waliyyi damar kyautar da rabon maraya ba tare da maslahar marayan ba.

Mafi yawan waɗannan rigingimu a teburin sulhu suke ƙarewa, a ofishin 'yan sanda ko a zauren mai unguwa ko a ofishin ƙungiyar direbobi, kuma sulhu alheri ne idan an yi shi ido buɗe, musamman ganin yadda shari'a take jan shekaru. Abin tsoro shi ne sulhun kwana uku, wanda ake yi majinyaci na kwance likita bai gama sanin ko ƙafar za ta tsira ba. Wakilin mai mota ya zo da kuɗin magani a ambulan, a yago takarda daga littafin makaranta a rubuta cewa an karɓi kaza kuma magana ta ƙare, wan majinyaci ya dangwala yatsa don a saki mota. Irin wannan takarda tana iya zama hujjar da za a toshe ƙara da ita daga baya, lokacin da kuɗin ambulan ɗin ya daɗe da ƙarewa. Idan za a karɓi taimakon jinya, a rubuta ƙarara cewa na jinya ne kuma sauran magana tana nan, a bar sulhun ƙarshe sai rahoton likita ya fito. Jihohi irin su Kano suna da zauren sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotu, inda yarjejeniyar da aka cimma take samun ƙarfin hukunci da zarar alƙali ya sa mata hannu.

Jira kuma yana da iyaka, domin kowace jiha tana da wa'adin da doka ta ɗiba don shigar da irin wannan ƙara, wanda in ya wuce kotu ba za ta saurari hujja ba komai ƙarfinta, kuma alƙawarin "za mu duba" daga mai mota ko kamfanin inshora ba ya tsayar da ƙirgar kwanaki. Wa'adin ya fi gajarta idan motar ta hukuma ce, kamar motar kwashe shara ko tankar ruwa ta gwamnati, domin Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata 3 kacal, wasu hukumomin kuma dokarsu ta buƙaci a aika musu da takardar sanarwa kafin a kai su kotu. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, domin dokarta ta 2011 ta sanya ƙarar diyyar haɗari cikin ayyukan da take yi wa marasa hali, kuma tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi. Mai zuwa can ya tafi da lambar kan motar da ta bodi, da rahoton 'yan sanda, da katin asibiti, da duk rasit ɗin da ke hannunsa.